Ɗan Kogi Zai Je Teku: Tarkwa, Busua, Dakar ko Gran-Popo?

Ƙanena ya sayar da shinkafar damina, ya ware wani abu a gefe, ya ce bana sai ya ga teku da idonsa. Ba gani kawai ba, har da wasan nan da yake kallo a waya, inda samari ke tsayawa a kan allo igiyar ruwa na tafe da su kamar doki ya ɗauki mahayi. Da na tambaye shi ko ya san abin da zai tarar, sai ya yi dariya. "Haba Yaya, ni da nake tsallake Kwara a Yawuri tun ina ɗan shekara goma?" Na ce masa wannan dariyar ce ta fi ba ni tsoro.

Fataucin albasa da busasshen kifi ya kai ni Legas da Kwatano da Akara, ziyarar Kaulaha kuma ta bi da ni ta Dakar, kuma duk inda na je nakan saci yini guda in je gaɓa. Wurare huɗu nake ganin mutumin Kebbi zai iya kaiwa ba tare da neman biza ba: Tarkwa a Legas, Busua a yammacin Gana, gaɓoɓin Dakar a Senegal, da Gran-Popo a Jamhuriyar Benin. Dukansu a bakin Tekun Atlantika suke, amma halinsu ya sha bamban ƙwarai.

Abin da za a auna

Ma'auni na farko shi ne halin ruwan, kuma a nan zan daɗe, domin mu mutanen kogi muna zuwa da ilimin da zai iya yaudararmu. Kogi gaba ɗaya ya sa a gaba. Kowane yaron Argungu da ya taɓa wasan kabanci a Matan Fada ya san inda ruwa ya dosa, ya san idan ya gaji zai bi shi a karkace har ya kama gaɓa. Teku kuwa zuwa yake yi ya koma. Igiyoyin da ke fashewa a gaɓar Afirka ta Yamma galibi guguwa ce ta haife su can kudancin Atlantika, suka yi tafiyar dubban kilomita, kuma rukuni-rukuni suke isowa: sai a yi lif na 'yan mintuna har ka saki jiki ka ƙara shiga, sannan manya uku ko huɗu su biyo juna. Ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi nauyinsa tan guda ne, wato buhun shinkafa 20 mai kilo 50. Igiyar da ta kai ƙirjinka ta fi haka nesa ba kusa ba.

Duk ruwan da igiya ta zuba a gaɓa dole ya nemi hanyar komawa. Yakan taru ya tsaga wa kansa kwari a cikin yashi, ya zama rafi a cikin teku mai gudu daga gaɓa zuwa zurfi. Wannan rafin ja-baya shi ya fi cin mutane a bakin teku. Idan ya yi ƙarfi yakan wuce mita 2 a daƙiƙa, gudun da zakaran ninƙaya na duniya ma da ƙyar yake kaiwa, kuma na ɗan lokaci. Mugun halinsa shi ne inda yake nan ne ruwa ya fi kyan gani: duhu-duhu, a kwance, babu farin kumfa, igiya na fashewa dama da hagu ta bar tsakiya shiru. Ɗan kogi yana ganin wurin zai ce ga mashiga. Ba ya jan mutum ƙasa, waje yake fita da shi, gajiyar kokawa da shi ce ke nutsarwa. Wanda ya faɗa ciki ya kwanta rigingine ya huta, ruwan gishiri ya fi na kogi ɗaga jiki, ya ɗaga hannu a gan shi, ko ya yi iyo a gicciye, wato ta gefen gaɓa, har ya fita daga kwarin, domin galibi ba shi da faɗi sosai. Sannan akwai cika da janyewa, sau biyu a yini da dare, kusan kowace awa shida, kuma sun fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Inda ka tsaya da hantsi ruwa iya gwiwa, da la'asar zai iya shanye ka.

Saboda haka tambayar ita ce: akwai abin da ya kare gaɓar, dutse ko tsibiri ko katanga? Gangarenta a hankali yake, ko rami ne da taku uku? Akwai mutanen wurin a cikin ruwa, masu koyarwa da masu ceto?

Sauran ma'aunan gajeru ne. Kuɗi: mota ko jirgi, masauki, canji, hayar allo da ladan mai koyarwa. Sauƙin zuwa: kwana nawa a hanya, iyaka nawa. Kwanciyar rai: inda za ka yi salla, abin da za ka ci, abin da idonka zai gani, da harshen da za ka nemi taimako da shi. Na ƙarshe ɗorewa, wato watanni nawa wurin ke da amfani a shekara, da kuma ko abin da aka ba ka labari yana nan. Ba da wasa na sa wannan ba. Bar Beach da iyayenmu ke ɗaukar hoto a kai a Legas ta tafi, a gurbinta ake gina Eko Atlantic, kuma a 2024 aikin babbar hanyar Legas zuwa Kalaba ya cinye gaɓar Landmark.

Tarkwa, Legas

Tarkwa tana bakin mashigar tashar jiragen ruwan Legas, kuma ba a zuwa sai ta ruwa. Ana hawa jirgi mai inji daga CMS ko Falomo ko wasu mashigai na Victoria Island, tafiyar minti 15 zuwa 20. A farkon ƙarni na 20 Turawa suka jera katangun duwatsu cikin teku don kada yashi ya toshe hanyar manyan jirage, sai lungun da ke tsakanin katangun ya zama gaɓa mai kariya. Shi ya sa ruwanta ya fi na Lekki da sauran buɗaɗɗun gaɓoɓin Legas sauƙin kai. Ƙasan yashi ne, gangaren a hankali. Igiya kuma tana bugun katanga ta dawo ta haɗu da 'yar'uwarta su yi tudu, abin da masu hawan allo ke nema ke nan. Yaran tsibirin sun ƙware, suna ba da hayar allo suna koyarwa, kuma da Turancin buroka za ka gama ciniki da su.

Gargaɗi biyu. Kusa da katangar akwai rafin ja-baya da ba ya gushewa, masu allo da gangan suke shigarsa ya fitar da su kamar tasi. Ni ma ya taɓa ɗauka ta, ranar da na ga ruwa a kwance a gindin duwatsu na ce bari in gwada iyon Yawuri. Ina bugun ruwa ina kallon rumfunan gaɓa suna ƙanƙancewa, har wani yaro da bai kai sa'an ɗana ba ya turo mini allonsa ya ce in riƙe. Bai yi mini faɗa ba, dariya kawai ya yi, ita ce ta fi zafi. Na biyu, idan ka zagaya bayan katangar yamma za ka fito wata doguwar gaɓa da ake kira da sunan tsohuwar hasumiyar fitila da ke wurin tun ƙarshen ƙarni na 19. Tana da kyau, babu cunkoso, amma buɗaɗɗen teku ne. A je a yi hoto a dawo.

Wajen kuɗi babu wadda ta kama ƙafarta a sauƙi. Da naira za ka yi komai, ba fasfo, ba katin rigakafi. Mota daga Birnin Kebbi ta Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, Makwa, Jebba, Ilori, Ibadan, kwana ne a hanya, kuma hanyar kowa ya san halinta, na ramuka da na tsaro, a bi ta da rana inda hali ya yi. Mai ƙarfi ya tashi daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello zuwa Abuja ya sauya. Masauki kuma wane ɗan Kebbi ne ba shi da ɗan'uwa a Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba? Sai dai ƙananan kuɗaɗe suna da yawa: na jirgi, na shiga, na kujera, na rumfa. Ka yi ciniki kafin ka zauna, ba bayan ka tashi ba. Rigar kariya kuwa kada ka bari jirgi ya tashi ba ka ɗaura ta ba, mu da muka ga abin da ya faru a Wara a watan Mayun 2021 ba sai an yi mana wa'azi ba. Mashigar hanyar manyan jiragen dakon kaya ce, kuma ruwan da suke tayarwa yana girgiza ƙaramin jirgi sosai.

Inda Tarkwa ta gaza shi ne tsafta da natsuwa. Bayan ruwan sama, ledoji da robobin Legas da kainuwa duk nan suke zubewa. Asabar da Lahadi kuma kiɗa ne da giya da shigar da mutumin kirki zai yi ta sunkuyar da kai. Talata ko Laraba da sassafe sai ka rantse wani wuri ne daban. Ta fuskar ɗorewa, a Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi dubban mazauna tsibirin bisa zargin fasa bututun mai da ya ratsa yankin. Harkar gaɓa ta dawo daga baya, amma wuri ne da hukuma ke da ido a kansa, ka kira wanda ke Legas ya tabbatar maka jirage na tafiya kafin ka baro gida.

Busua, Gana

Idan koyon hawan allo ne ainihin abin da ya fito da kai, Busua ce zaɓina, ba na ɓoyewa. Ƙauyen masunta ne na ƙabilar Ahanta, kimanin kilomita 30 yamma da Takoradi, a cikin wani lungu mai siffar lauje, da tsaunuka a gefe biyu da ɗan tsibiri a gaba. Yashi ne shimfiɗe, za ka yi tafiya mai nisa cikin ruwa bai wuce ƙugu ba, igiya kuma tana fashewa can nesa ta taho da farin kumfa a hankali. A kan wannan kumfan ɗan koyo ke fara tsayuwa. Akwai makarantun hawan allo da 'yan ƙauyen ke gudanarwa, suna da allon soso mai faɗi wanda ba ya fasa kai, kuma mai koyarwa yana tsaye kusa da kai a cikin ruwa.

Abin da ya bambanta ta da Tarkwa shi ne a nan kwana kake yi a bakin ruwan. Wasan ba ya koyuwa a yini ɗaya. Ranar farko shan ruwan gishiri ne da ciwon kafaɗa, domin kaso mafi yawa na aikin tuƙi ne da hannu kana kwance a kan allo, tsayuwar daƙiƙa kaɗan ce. Sai a rana ta uku ko ta huɗu ƙafa ke fara gane allo. Mai zuwa Tarkwa daga Agege zai kashe rabin yininsa a cunkoso da jiran jirgi, mai kwana a Busua kuwa daga sallar asuba sai ruwa, lokacin da iska ba ta tashi ba kuma igiya ta fi santsi. Masunta 'yan'uwanmu za su ji daɗin wurin ta wata fuskar: manyan kwale-kwalen Gana da ake sassaƙawa daga itace guda, da yadda mutum ashirin ke jan koma ɗaya da waƙa. Tafiyar ƙafa kaɗan kuma ga Dixcove da tsohuwar ganuwar Ingilishi ta Metal Cross, wadda aka fara ginawa a ƙarshen ƙarni na 17.

Kuɗinta a hanya yake. Daga Legas iyaka uku za ka tsallaka, Seme, Hilakonji, Aflawo, kowace da layinta da masu miƙa hannu, sannan daga Akara zuwa Takoradi kimanin kilomita 220, ta Cape Coast da Elmina. Ka lissafa kwana uku daga Birnin Kebbi in ta ƙasa ne, uku a dawowa. Fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS dole ne, haka katin rigakafin shawara, kuma wanda ba shi da katin shi ne abincin jami'an iyaka. Canji kuwa sai ka mai da naira sidi, a hanya kuma kana buƙatar 'yar sefa. Masauki a ƙauyen akwai na talaka akwai na Bature. A Akara da Takoradi ba za ka yi maraicin harshe ba, ka nemi zango kawai, a unguwar Nima ta Akara Hausa ake ciniki da ita, da masallatai da shinkafa da wake da koko da ƙosai. Busua kanta ƙauyen Kiristoci ne galibi, da mashaya a bakin gaɓa, ka tafi da dardumarka, ka tsaya kan kifi. Wajen watan Maris akan yi bikin kiɗa na Asa Baako, ƙauyen ya cika ya batse, mai son shiru ya kauce wa wannan makon.

Kada a ce na ce ba ta da haɗari. Da damina igiya na girma, rafin ja-baya na buɗewa a nan ma. Kuma kada wani ya ce maka Kokrobite ta fi kusa da Akara don haka ɗaya ne. Ta fi kusa, amma ruwanta ya fi faɗa.

Dakar, Senegal

Dakar tana kan wani dogon hanci na ƙasa da ya kutsa cikin teku, ƙarshen yammacin nahiyar Afirka ke nan, don haka igiya na zo mata daga arewa da kudu. Idan wannan gefe ya kwanta wancan na aiki, kusan duk shekara. Ita ce gaɓa mai duwatsu ta gaske a cikin huɗun, baƙaƙen duwatsun tsohon aman wuta, da igiyoyin da ƙwararru ke tahowa dominsu daga Faransa da Amurka. Shahararriyarsu tana gefen tsibirin Ngor, wanda kwale-kwale ke kai mutum cikin 'yan mintuna. Wannan ba ta ɗan koyo ba ce. Ƙasanta dutse ne, a cikin ramukansa kuma akwai bushiyar teku, wata halitta mai ƙayoyi da ke karyewa a cikin tafin ƙafa, a kwana ana cira da allura. Takalmin roba na shiga ruwa ya zama wajibi. Ɗan koyo Yof zai nufa, doguwar gaɓar yashi mai makarantu da yawa, mai son iyo zalla kuma ya tsaya a lungun da ke tsakanin ƙauyen Ngor da tsibirin, inda ruwa ke kwance. Gaɓoɓin arewa da suka wuce Yof, irin su Malika, hukuma ta hana wanka a da yawansu saboda yawan nutsewar matasa, kuma ba don ado aka kafa allunan ba.

Akwai abin da ba a gaya wa mutum: ruwan Dakar yana sanyi. Daga Disamba zuwa Afrilu yakan sauka wajen digiri 20, sai da rigar roba mai matse jiki, ita ma haya ce. Na Legas da Gana da ɗumi kusan kullum, sai ɗan sanyi tsakanin Yuli da Satumba.

Wajen kwanciyar rai babu kamarta. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na mutanen ƙasar Musulmi ne, ba ka tambayar yanka. A unguwar Wakam akwai masallaci mai hasumiya biyu a bakin ruwa sosai, tsakanin tsauni da teku, kana sallama kana jin igiya. Yof gari ne na mabiya ɗariƙar Layen, hubbaren shehinsu Limamu Lay yana kan yashin gaɓar, kuma ba a sayar da giya a tsohon garin. 'Yan mata ma suna hawan allo, Khadjou Sambe ta Ngor ce ta buɗe musu hanya har ta yi suna a duniya, don haka mace mai shigar iyo ta rufe jiki ba abin kallo ba ce a can. Abinci shinkafa da kifi ne, cebujen, ɗan Kebbi sai dai ya yi gardamar wa ya fi iya dafawa. Matsalar harshe ce: Wolof da Faransanci. Mai Fillanci daga Gwandu ko Bunza zai ɗan lallaɓa da masu Pular, sauranmu sai nuni da hannu.

Tsada kuwa ita ce gaba. Jirgin sama ne daga Legas ko Abuja, sau da yawa ta Lome ko Abijan, filin jirgin Blaise Diagne da aka buɗe a 2017 yana da nisan kusan kilomita 50 daga gari, unguwannin Ngor da Almadi kuma na masu kuɗi ne. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan yuro ɗaya, saboda haka duk faɗuwar da naira ta yi a gaban kuɗin Turai ta yi ta a gaban sefa. Ni ban ga hikimar ɗaukar wannan nauyi don teku kaɗai ba. Amma wanda da ma zai je Maulidin Kaulaha, ziyarar Madina Baye ta Shehu Ibrahim Inyass, Dakar kimanin kilomita 190 ce daga can, kuma ta nan zai sauka ya tashi. Ƙara kwana uku a kan tafiyar da an riga an biya kuɗin jirginta wani lissafi ne daban.

Gran-Popo, Benin

Na sa ta ne don ita mutanenmu na Kamba da Bagudo suka fi ambata, tunda hanyar Kwatano a jininsu take. Kimanin kilomita 80 ce yamma da Kwatano, dab da iyakar Togo: jan yashi, itatuwan kwakwa, shiru, masauki mai sauƙi, da yawon kwale-kwale a kogin Mono har inda ya shiga teku. Garin Wida mai ƙofar tunawa da bayin da aka kwashe yana kan hanya. Wuri ne mai kyau ƙwarai, kuma ba na shiga ruwa ba ne. Gaɓar a tsaye take, taku kaɗan ƙasa ta ɓace, igiya kuma a kan yashin take fashewa gaba ɗaya, ta ɗaga mutum ta buga da ƙasa ta ja shi. Ka lura masuntan wurin ma ba sa wanka don nishaɗi. Tsohuwar hanyarmu ta Kamba, Gaya, Malanbil, Kandi, Paraku ma ta rikice tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da aka rufe gadar Gaya, ga hare-haren 'yan bindiga a arewacin Benin. Ta Legas da Seme ya fi.

| Ma'auni | Tarkwa | Busua | Dakar | Gran-Popo |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Mafi sauƙi | Matsakaici | Mafi tsada | Sauƙi zuwa matsakaici |
| Hanya | Kwana a mota, sai jirgin ruwa | Kusan kwana uku, iyaka uku | Jirgin sama | Ta Legas, iyaka ɗaya |
| Takardu | Babu | Fasfo da katin rigakafi | Fasfo da katin rigakafi | Fasfo da katin rigakafi |
| Iyo | A cikin lungu kawai | Mai kyau da rani | A lungun Ngor | A'a |
| Koyon allo | Akwai | Mafi dacewa | A Yof | Babu |
| Babban haɗari | Gindin katanga, jirgi, datti | Ja-baya da damina | Duwatsu, ƙaya, sanyi | Igiyar gaɓa da zurfi |
| Salla da abinci | Sauƙi a gari | Sai da shiri | Mafi sauƙi | Sai da shiri |
| Watanni masu kyau ga baƙo | Nuwamba zuwa Maris | Nuwamba zuwa Maris | Kusan duk shekara | Rani, don kallo |

Lokaci ya yi mana gata a nan. A gaɓar Legas da Gana teku ya fi faɗa da damina, musamman Yuni zuwa Agusta, ya fi kwanciya da hunturu, daidai lokacin da manomi ya yi girbi kuɗi ya shigo. Sai dai Disamba watan biki ne a Legas da Akara, masauki da mota duk sun hau, don haka Janairu da Fabrairu sun fi, in ba su faɗa cikin azumi ba.

Kaya kuma, duk inda aka zaɓa: wando mai wuce gwiwa wanda ba ya shan ruwa, da riga mai kama jiki, ita ce ke hana allo goge maka ciki. Kaftani ko zani ko hijabi mai faɗi idan ya jiƙe nauyi ne, igiya kuma tana naɗe shi a ƙafa. Ba sai ka ɗauki buta zuwa bakin ruwa ba, hadisin Abu Huraira da ke cikin Muwaɗɗa ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne. Masu layar ruwa da muka gada wurin kakanni Sarkawa, ba zan shiga tsakaninku da ita ba, amma a haɗa da igiyar da ke ɗaure allo a ƙafa, domin allon shi ne gorarka, kamar dai wadda masunta ke kwanciya a kai ranar su a Argungu.

Wa ya dace da ina

Wanda bai taɓa ganin teku ba, kuɗinsa a ƙirge, kwanakinsa huɗu ko biyar, ya je Tarkwa a ranar aiki da safe, ya ɗauki mai koyarwa na awa ɗaya ko biyu, ya ga ko jikinsa na son abin. Da yawa daga nan suke gane kallo ya ishe su, kuma sun gane da araha. Wanda ya riga ya ɗanɗana ya ƙudura sai ya tsaya a kan allo, yana da mako biyu da fasfo, Busua. In abokai ne uku ko huɗu su haɗa ɗaki, tafiyar ta yi sauƙi, kuma ba a shiga teku mutum ɗaya da ma. Mai iyali, ko mace da ke son shiga ruwa cikin sutura ba tare da an zuba mata ido ba, ko mai niyyar ziyarar Kaulaha, Dakar ce tasa, ya tsaya Yof da lungun Ngor ya bar wa masu ita duwatsu. Ango da amarya, ko dattijon da ke son ya zauna a inuwar kwakwa ya ga ikon Allah ya ci gasasshen kifi, Gran-Popo ta ishe su, da sharaɗin ruwa iya idon sawu. Mai ƙananan yara kuwa, a ko'ina cikin huɗun, hannunsa a hannun yaron.

Ƙanena Busua ya so, amma fasfonsa ya mutu, kuɗin shinkafar kuma bai kai yadda ya zata ba bayan ya biya bashin taki. Ya tsayar da Legas, mako na biyu na Janairu, zai sauka wurin abokin cinikina a Mile 12. Na sa shi ya maimaita mini abin da zai yi idan ya ga gaɓa tana nisa, ya ce, "In kwanta rigingine in ɗaga hannu, Yaya, na ji." Inna kuma nata sharaɗin ɗaya ne, ya kira ta kafin ya shiga, ya kira ta da ya fito, kuma ya zo mata da ruwan a gora ta ɗanɗana ta ji ko da gaske gishiri ne.